Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Amsa Ga Masu Cewa "Sai An Shiga Ake Gyara"



A makon jiya, bayan sallar La'asar, wani matashi daga cikin 'ya'yanmu ya zo wurin Maigida neman albarka. Yaro ne mai ilimi, ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami, ya kuma yi boko har jami'a. Shekarun nan shi ne kan gaba wajen tara samari a yi maganar tsadar abinci, da rashin aiki, da wulaƙancin da talaka ke sha a bakin ofisoshi. Ya durƙusa ya ce an yi masa tayin gurbi a jerin 'yan takarar masu mulki, tare da alkawarin muƙami idan an gama zaɓe. Maigida ya dube shi ya ce, "Ɗana, me ka ce musu?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gaji da ihu a bayan katanga. Sai an shiga ake gyara." Maigida ya yi masa addu'a, bai ƙara ko kalma ba, domin babba ba ya tsinka yaro a gaban jama'a.

Ni da nake gefe riƙe da alƙalami, maganar ta hana ni barci. Na taɓa jin ta, da wannan lafazi, daga bakin mutanen da suka fi yaron nan shekaru da suna da yawan mabiya. Mu mutanen Garuwa ba mu da uzurin jahilci a wannan babi, domin a gabanmu aka yi gwajin, kuma da ƙuri'unmu aka yi shi. Abin da nake so in tabbatar a rubutun nan guda ne: wanda ya shiga gwamnati ta ƙofar kyauta, shi kaɗai, babu rundunar da zai koma gare ta, babu ranar fita a zuciyarsa, gidan ne zai gyara shi, shi ba zai gyara gidan ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Bari mu koma 1992. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, karo na farko ke nan da na jefa ƙuri'a. Shekarar da ta gabata, 1991, an yi watanni ana rufe kasuwanni da tashoshi a manyan garuruwa, har da namu, ana neman babban taron ƙasa. Mutane sun yi asarar dukiya, wasu sun yi asarar rai. A ranar 1 ga Maris 1992 aka yi zaɓen majalisar dokoki na farko mai jam'iyyu da yawa tun bayan da Ahmadu Ahidjo ya haɗe jam'iyyu wuri guda a 1966. Kujeru 180 ne. Jam'iyyar RDPC ta Paul Biya ta samu 88. UNDP ta Bello Bouba Maigari ta samu 68, UPC ta samu 18, MDR ta marigayi Dakolé Daïssala ta samu 6. Ku haɗa lissafin da kanku: 'yan adawa 92, masu mulki 88. Wannan kuwa duk da cewa SDF ta John Fru Ndi ta ƙaurace wa zaɓen. A wannan rana talakan Kamaru ya ɗora wuƙa da nama a hannun masu neman sauyi. Da sun tsaya tsintsiya ɗaya, da shugabancin majalisa nasu ne, da babu dokar da za ta wuce sai da yardarsu.

Me ya faru? Cikin 'yan makonni MDR ta kai kujerunta 6 ga RDPC, rinjaye ya koma 94, Dakolé ya zama ƙaramin sarki a ma'aikatar gidan waya da sadarwa da matsayin ministan ƙasa. Mutumin da ya yi shekara bakwai a kurkuku bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, ba tare da an yanke masa hukunci ba, shi ne ya miƙa wa gwamnatin da ta tsare shi sandar da ta dogara. Kafin shekarar ta ƙare, ɓangaren UPC na marigayi Augustin Frédéric Kodock ya bi sahu. Wannan ita ce ta fi ciwo ga duk mai ra'ayin talakawa, domin UPC ita ce uwar masu neman sauyi a ƙasar nan: jam'iyyar Ruben Um Nyobè da sojojin Faransa suka harbe a daji ranar 13 ga Satumba 1958, da Félix Moumié da aka sa wa guba a Janeba a 1960, da Ernest Ouandié da aka harbe a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. Sunan da aka saya da jini, aka sayar da shi da kujerar minista.

Sai kuma namu na gida. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 1992, inda aka ba Biya kusan kashi 40 cikin ɗari, Fru Ndi kusan 36, Bello Bouba 19, an naɗa manyan UNDP biyu a gwamnati a watan Nuwamba ba da yardar jam'iyyarsu ba: Hamadou Moustapha ya zama mataimakin firaminista mai kula da tsara birane da gidaje, Issa Tchiroma Bakary ya zama ministan sufuri. Jam'iyya ta dare, aka kore su a 1995. Bello Bouba, wanda ya yi tir da shigarsu, ya ƙaurace wa zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 1997 yana cewa babu adalci a cikinsa, sannan a Disambar shekarar ya karɓi kujerar ministan ƙasa mai kula da masana'antu da ciniki, bayan yarjejeniyar da jam'iyyarsa ta sa wa hannu da RDPC. Ya zauna a gwamnati daga nan har 2025, yana sauya ma'aikata: sadarwa, sufuri, yawon buɗe ido.

Kowannensu ya faɗa mana abin da yaron nan ya faɗa wa Maigida. To, mu auna da mudun da suka kawo da kansu. UNDP mai kujeru 68 a 1992 ta koma 13 a 1997, ta koma 1 tak a 2002. UPC mai 18 ta koma 1 a 1997. MDR mai 6 ta koma 1. Na san za a ce shigowar SDF zaɓe ta rage musu kaso, kuma za a ce an yi maguɗi. Na yarda da duka biyun. Amma idan maguɗi ne ya cinye kujerun, me zaman teburin gwamnati ya amfana, tunda ko ƙuri'ar mabiyansu bai iya tsarewa ba?

Sannan mu dubi hukumomin da aka ce za a gyara. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya yi alkawarin majalisar dattawa, da majalisar tsarin mulki, da majalisun yankuna. Majalisar dattawa ba ta zauna ba sai 2013, kuma 30 daga cikin 'yan majalisar 100 shugaban ƙasa ke naɗa su. Majalisar tsarin mulki sai 2018. Zaɓen majalisun yankuna sai Disambar 2020. Sashe na 66, wanda ya wajabta wa manyan jami'ai bayyana dukiyarsu, har yau yana kwance a takarda. Abu guda da aka gyara cikin gaggawa shi ne iyakar wa'adin shugaban ƙasa, wadda aka share a Afrilun 2008, 'yan makonni bayan an zubar da jinin matasa a tarzomar Fabrairu. Masu gyara daga ciki suna zaune a kujerunsu a wannan rana, kuma washegari ma suna zaune. Ku fita bakin Binuwai ku dubi tashar jiragen ruwan da iyayenmu suka yi dako a cikinta. Ku hau mota zuwa Ngawundare ku ji abin da hanya za ta yi wa ƙugunku. Ahidjo, ɗan garin nan, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kuma duk ministocin da Arewa ta haifa tun daga lokacin ba su iya dawo da gawarsa ƙasar haihuwarsa ba. Wanda ya kasa ɗauko mamaci, yaya zai ɗauko haƙƙin masu rai?

Kada a fahimce ni da cewa mutanen nan miyagu ne tun asali. Wasunsu sun sha ɗauri, sun ga uƙubar da ni da mai karatu ba mu gani ba. Laifin yana ga tarkon, kuma ya kamata matasanmu su san yadda aka ɗana shi, domin igiyoyinsa huɗu ne.

Igiya ta farko ita ce hanyar shiga. Minista a ƙasar nan ba majalisa ke tantance shi ba. Takarda ce ake sa wa hannu a fadar Etudi, a karanta a labaran rediyo, mutum ya wayi gari da mota da masu gadi. Wata takardar irinta ke sauke shi, ba tare da an gaya masa dalili ba. Wanda numfashinsa ke hannun mai sa hannu, wa zai yi wa biyayya?

Ta biyu ita ce ƙofar gida. Daga ranar naɗi, dangi da 'yan unguwa da 'yan jam'iyya za su cika zaure: wannan kuɗin asibiti, wancan kuɗin makaranta, wancan aikin ɗansa. Kafin shekara ta zagayo, bakuna ɗari suna ci daga kujerar. Ranar da zuciyarsa ta ce ya ajiye, waɗannan bakunan ne za su fara roƙonsa ya yi haƙuri. A nan mu ma muna da laifi, domin mu ne masu cika zauren.

Ta uku ita ce fayil. Duk wanda ya taɓa kuɗin gwamnati a tsarin da ba a rarrabe aljihun hukuma da na siyasa, akwai takardar da aka ajiye masa a durowa. Tun 2006 da aka fara kamen da ake kira Épervier, wato farmakin shaho, kowane babba ya san ana iya buɗe durowar. Marafa Hamidou Yaya, ɗan Garuwa, ya riƙe babban sakataren fadar shugaban ƙasa, ya riƙe ma'aikatar mulkin cikin gida, ba wanda ya fi shi sanin cikin gidan. An kama shi a Afrilun 2012, aka yanke masa shekara 25. Ba na yanke hukunci a kan shari'arsa. Ina cewa ne kowane minista ya ga abin, ya kuma shafa wa gemunsa ruwa.

Ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce harshe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Issa Tchiroma ya koma gwamnati a 2009 a matsayin ministan watsa labarai, ya yi kusan shekara goma yana kakakinta. A Yulin 2018, da hoton bidiyo ya bazu na sojoji suna harbe mata biyu da 'ya'yansu ƙanana biyu a yankin Arewa Mai Nisa, shi ne ya fito ya ce labarin ƙarya ne. Daga baya gwamnatin da kanta ta kama sojoji bakwai, kuma a 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Mutumin da ya yi shekaru a kurkuku bayan 1984 ya san zafin zalunci fiye da ni. Kujerar ce ta ari bakinsa ta ci albasa. Na san faɗin wannan a Garuwa ta yau ba zai yi wa mutane da yawa daɗi ba, amma shi da kansa ya nemi gafarar jama'a a yaƙin neman zaɓen 2025 kan abubuwan da ya faɗa yana minista, kuma ba a neman gafara a kan alheri.

Masu karatu a cikinmu za su kawo hujjar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma malamai sun kafa hujja da shi. Amma a karanta ƙissar har ƙarshe. Bai yarda ya fito daga kurkuku ba sai da aka binciki ƙazafin da aka yi masa, aka wanke shi. Sannan abin da aka ba shi makullan rumbuna ne da cikakken iko, yana aunawa yana rabawa, ba mai riƙe masa hannu. A mazhabarmu ma muna da Imam Sahnun, mai Mudawwana. Da sarkin Ƙairawan ya nemi ya karɓi alƙalanci a shekara ta 234 bayan Hijira, ya daɗe yana ƙi, bai karɓa ba sai da aka yarda hukuncinsa zai hau kan dangin sarki da fadawansa, kuma bai ci albashi a kan aikin ba. Wanda ya zo mana da misalin Yusuf, sai mu tambaye shi: ina makullan? Wanda ya zo da misalin Sahnun, sai mu ce: ina sharaɗin, kuma za ka iya barin albashin?

'Yan'uwanmu na Kano sun yi irin wannan gwaji, kuma darasinsu ya fi fitowa fili domin mutum ɗaya ya shiga ta ƙofofi biyu. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU da aka kafa a 1950, ta ci jihohin Kano da Kaduna. Abubakar Rimi ya shiga gidan gwamnatin Kano da ƙuri'ar talakawa da rinjayen majalisa a bayansa, ya soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a kansa shekara talatin. Wannan gyara ne daga ciki, na gaske, wanda manomi da makiyayi suka ji a aljihunsu. Balarabe Musa a Kaduna ya samu ƙuri'a amma majalisa tana hannun NPN. Suka hana shi naɗa kwamishinoni, suka tsige shi a Yunin 1981. Ya fita da mutuncinsa, aikin bai yiwu ba. Shi kuma Rimin nan, a 1993 ya karɓi kujerar ministan sadarwa a gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha. Bai sauya ko ƙwayar zarra a tafiyar mulkin ba, kuma a 1998 gwamnatin ta tsare shi. Mutum ɗaya, baki ɗaya, basira ɗaya. Bambancin kawai shi ne wanda ya ba shi kujerar.

Saboda haka ba ina kiran kowa ya naɗe hannu ya zauna a gida ba. Ƙauracewar SDF a Maris 1992 kuskure ce da ta taimaki masu mulki, kuma tsayawa a waje tana da tsadarta: Anicet Ekane, shugaban MANIDEM, ɗaya daga cikin ragowar masu aƙidar UPC ta asali, ya rasu a tsare ranar 1 ga Disamba 2025. Abin da nake rarrabewa shi ne kujerar da jama'a suka ɗora ka a kai da kujerar da aka miƙo maka daga sama.

Wani zai ce, ai ga Tchiroma nan, zamansa a ciki ne ya ba shi ƙarfin da ya girgiza ƙasa. Ya ajiye muƙami a Yunin 2025, ya tsaya takara ranar 12 ga Oktoba, majalisar tsarin mulki ta ba shi kashi 35.19, ta ba Biya 53.66, shi kuma ya ce shi ya ci. Amsata ita ce: idan daɗewa a ciki ke ba da ƙarfi, Bello Bouba ya fi shi daɗewa, shi ma kuma ya fita, amma ko kashi 3 bai kai ba. Jama'a sun bi wanda ya fita da kakkausar murya, ya kira abu da sunansa, ya nemi gafara. Fitar suka zaɓa. Abin da ya yi cikin wata huɗu a waje ya fi abin da ya yi cikin shekara ashirin a ciki. Kuma da ranar ƙidaya ta zo, hukumomin da aka yi shekara talatin ana cewa ana gyarawa daga ciki su ne suka ƙidaya, suka yanke, matasan Garuwa suka kwasa a titi, shi kuma ya ƙare da gudun hijira a Gambiya. Da an gyara su, da ba a kai nan ba. Tun a Agustan 1992 Garga Haman Adji, ɗan Marwa, ya ajiye kujerar ministan ma'aikata yana cewa an hana shi hukunta ɓarayin dukiyar ƙasa. Wannan takardar murabus ɗaya ta fi jawabai dubu gaya wa talaka gaskiyar abin da ke cikin gidan.

Yanzu in dawo kanmu, Hausawan garin nan. Mu 'yan kaɗan ne, kuma dokar zaɓe ta ce kowane jerin 'yan takara ya ƙunshi ɓangarorin al'ummar mazaɓa. Shi ya sa duk kakar zaɓe ake zuwa neman sunan Bahaushe ɗaya a liƙa a jeri, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. A durowata akwai kwafin takardun koke da na rubuta da hannuna tun fiye da shekara ashirin: magudanar ruwan da ke cinye gidaje duk damina, rumfunan kasuwa, da yaranmu da ake ce wa su kawo takardar kakan kakansu kafin a ba su katin ɗan ƙasa, alhali kakannin nasu sun zo garin nan da fatauci tun kafin zuwan Jamus. A tsawon wannan lokaci mun ga namu sun shiga, mun yi musu walima, mun raka su da kalangu. Kokensu na farko da na rubuta da wanda na rubuta bana, kwanan wata kawai ya bambanta su.

Ga abin da zan gaya wa ɗan nan namu, da duk mai irin niyyarsa. Idan za ka shiga, shiga ta ƙofar akwati, a kujerar kansila ko ta ɗan majalisa wadda unguwa ta san ita ta ba ka, kuma za ta iya karɓewa. Kada ka tafi kai kaɗai: ka bar ƙungiya a bayanka mai taronta da asusunta, wadda ba ta ci daga aljihunka, domin ta iya kiranka ta titsiye ka. Ka faɗi abu biyu ko uku da za ka yi, a gaban jama'a, da wa'adinsu, a rubuta, ni zan rubuta in ajiye. Ka riƙe sana'arka, domin wanda ba shi da abin komawa ba ya iya cewa a'a. Sannan ka rubuta takardar murabus tun ranar farko ka sa a aljihu, ka kuma gaya mana layin da idan aka tsallaka za ka fito da ita. Idan masu tayin sun ji waɗannan sharuɗɗa suka janye, to ka san tun farko ba gyaranka suke so ba, sunanka suke so.

Mu kuma da muke waje, mu rage cika zauren wanda ya shiga da buƙatun kanmu, mu riƙa zuwa masa da buƙatun unguwa. Ranar da ya dawo ya ce mana hannunsa bai taɓa kome ba, mu tuna masa cewa "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo.

Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili. Ya kawo mini sunan mutum ɗaya a ƙasar nan da aka naɗa daga adawa tun 1992, da dokar da ya sauya, da shekarar da ya sauya ta. Idan ya kawo, zan rubuta a wannan shafi cewa na janye.

Allah Ya shirya mana 'ya'yanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Wassalam.